Jinyar Gwaggo Barira

Mariyamu tana durƙushe a tsakar gidansu da ke Wusasa tana juye kunun gyaɗa a filas, sai ga sallamar mahaifiyar Dogara, saurayin da aka riga aka sa musu rana. Ko tabarmar da Mama ta shimfiɗa mata ba ta kalla ba.

"Yau ma cikin Birnin za ki? Maman Mariyamu, ki ja wa 'yarki kunne! Jiya a taron zumuntar matan coci aka ce an gan ta tana shanya zannuwan fitsari. Matar da Fasto zai aura!"

"Gwaggonta ce," in ji Mama a hankali. "Yayar ubanta."

"Yayar da ta watso masa kaya waje ranar da ya karɓi Yesu? Wadda ko jana'izarsa ba ta leƙo ba?"

Gaskiya ta faɗa, haka ɗin aka yi. Tun kafin a haifi Mariyamu Gwaggo Barira ta kori ƙanenta Nasidi daga gidan gado, har ya mutu ba su sake haɗa ido ba. Yanzu ɓarin jikinta ya shanye, ɗanta guda, Suhail, yana aiki can Fatakwal, maƙwabta kuma sun gaji. Da labari ya iso Wusasa, Mariyamu ta tari keke napep ta tafi, kuma tun daga ranar ba ta fasa ba.

Jinyar babu daɗi ko kaɗan. Takan ɗaga tsohuwar ta wanke ta, ta canza shimfiɗa, ta kawo mata ruwan alwala, ta juya ta ta fuskanci gabas. Ita kuwa Gwaggo da bakinta da ya karkace sai ta ce, "Cire hannunki daga carbina!" Wani lokaci ta furzo mata kunu a riga. Mariyamu ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo da cokali.

Dogara kuwa tauraronsa ne ke haskawa. A ƙungiyar mawaƙan coci suka saba, lokacin yana rako ta gida a ƙasa suna raba gyaɗa. Yanzu ya buɗe cocinsa a Sabon Gari, hotonsa cikin farar kwat ya cika bangon gari, wa'azinsa kullum ɗaukaka da buɗi da sabuwar mota.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi har ƙofar ɗakin Gwaggo. Ya bar motarsa a bakin titi don lungun ya yi mata kaɗan. Zuciyar Mariyamu ta yi fari, ta ɗauka dubiya ya zo. Sai ta ga ya toshe hanci da hankici, ɗaya hannun ya ɗaga waya.

"Mariya, gyara ɗankwalinki. Ki ɗan riƙe mata kai kina ba ta kunun. Wannan bidiyon zai girgiza mutane! Gobe zan haska shi a coci, ke ki ba da shaida, Mamana ma bakinta ya mutu."

Gwaggo ta ja zane da hannunta mai lafiya tana ƙoƙarin rufe cinyarta, zanen ya ƙi kaiwa. Mariyamu ta tashi ta tare ƙofa.

"Kashe wayar nan, Dogara."

"Haba! Taimakonki nake yi. Wata nawa kina wahala babu wanda ya sani? Ko godiya ba ta yi miki. Aƙalla a samu wani abu a ciki!"

"A samu me? Tsiraicinta za ka nuna wa duniya don a tafa maka?"

"Don sunan Ubangiji ya ɗaukaka!"

"Sunan Ubangiji ko naka? Da Yesu ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, har da na wanda zai bashe shi ya wanke, kuma bai tara 'yan kallo ba."

Fuskarsa ta canza. "Ni za ki koya wa Littafi? To saurara. Allah ya kira ni zuwa sama, ba zan auri mai ja na ƙasa ba. Ki zaɓa — ni ko wannan ɗakin mai wari."

Hawaye suka zubo mata, don har ga Allah tana son sa. Ta ce, "In na tafi, wa zai juya ta?"

Ya juya yana kakkaɓe kwat.

Cikin makon danginsa suka zo suka kwashe kayan sa rana. Ba a daɗe ba ya auri 'yar wani ɗan kasuwa da ke cocinsa. Ranar bikin Mariyamu tana bakin rijiya tana cuɗa zannuwa, ƙawaye suna ta turo mata hotuna har ta kashe wayar. A coci mata suka riƙa matsawa in ta zauna. Da ta koma gida ta faɗa jikin Mama.

"Mama, me na yi wa Allah? Wadda na rasa shi dominta ko kallona ba ta yi!"

"Ba ciniki kika je yi ba, 'yata," Mama ta ce, ita ma tana share ido. "In da don a biya ki kike yi, da tuni kin daina."

Gwaggo Barira ta rasu da damina, kanta a kan cinyar Mariyamu. Har ta cika ba ta ce mata na gode ba.

Bayan an share makoki, wata rana da la'asar aka yi sallama a gidansu na Wusasa. Suhail ne, da matarsa da 'ya'yansa. Rabon da wani daga gidan gado ya tako nan tun ba a haifi Mariyamu ba. Ya tsuguna gaban Mama ya kasa ɗaga kai.

"Duk lokacin da na kira Inna a waya, sai ta ce kar in kuskura in kawo mata 'yar aiki, hannun Mariyamu kawai take yarda ya taɓa ta. Kunya ce ta hana ta faɗa miki, ƙanwata. Ku yafe mana."

Mariyamu ta rufe fuska da gyale ta yi kuka mai tsawo. Mama ta tashi ta zubo tuwo, suka sa hannu a kwano ɗaya.

Dogara bai dawo ba, cocinsa ma sai ƙara cika yake yi, kuma har yau in ta ga hotonsa a bango sai ƙirjinta ya yi zafi. Amma ta samu dangin da ubanta ya mutu yana kewa. Bin Almasihu na gaskiya ƙin kai ne: ka durƙusa ka yi wa wanda ya ƙi ka hidima, ko da babu mai gani, ko da zai raba ka da abin da ka fi so. Wanda kuwa yake bi don a gan shi, kansa yake bauta wa.