Kujerar Baya ta Keken Mainasara

Kifi suka fita saya, wata Alhamis da yamma, shekara guda kafin yaƙi ya watsa mutanen Umdurman ta ƙasar Sudan. Zulaiha ce a gaba, mijinta Mainasara a baya, kan keken nan nasu da unguwar Fitihab ta yi wa dariya har ta gaji.

Keke ne mai mazauni biyu, sai dai ba zama ake yi a kansa ba, kishingiɗa ake. Ƙafafu a miƙe gaba suna tuƙa feda, baya a jingine da doguwar kujera mai saƙar igiya irin ta gado. Mainasara ne ya haɗa shi da hannunsa. Shekara talatin yana walda a garin Bahri ba ya sa gilashin kare ido, wai gilashi na rago ne, har wutar ta ci masa idanu. Da likita ya ce saura 'yan watanni duhu ya rufe, sai ya tara ƙarafan tsofaffin kekuna biyu ya yi aikinsa na ƙarshe.

"Ke ce ido, ni ne ƙafa," ya ce mata.

Zulaiha ta haura hamsin ba ta taɓa hawa keke ba. Wata biyu suna shan ƙasa a filin bayan gida, tana masifa, yana mata tsiya. A hankali ta gane halin abin. Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedarta da tasa, in ya tuƙa dole ƙafafunta su juya. Akwai madaurin roba da ya sa mata a feda don kada ƙafa ta zame. Waiwaye kuwa babu shi, kujerar ta tare, kuma da ta karkata wuya keken zai yi layi. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato juyawa. In sun kai ƙarshen hanya sai su sauka su ɗaga keken su juya masa kai, kamar jakin da ya ƙi. Duk da haka tana son fitar nan, don a kan keken ne ta fara jin dariyar mijinta tun da ya makance.

Ranar sun makara. Masunta sun riƙe su da surutu, har rana ta faɗa bayan gidaje. Suka biyo hanyar ƙasa da ta bi gaɓar Farin Nilu, ruwa a hagu, wuraren gasa bulo a dama, babu kowa don ma'aikata sun tashi. Ƙaurin kashin shanu da aka ƙona yana tashi, ga ƙarnin kifin da ke rataye a leda.

"Tsaya in kama ruwa," Mainasara ya ce.

"Yanzu? Abu Rayan, magariba ta yi. Ka daure mu kai gida," ta ce. Abu Rayan take kiransa, irin na mutanen garin.

"Marar tsoho ba ta san magariba ba."

Ta kai shi gindin wata bagaruwa a gefen hanya. Ta ce za ta jira shi, ya kore ta. Taku goma ne tsakaninsa da keken, ya ƙirga, shi ba jariri ba ne. Ta san halinsa a kan a riƙe masa hannu, sai ta koma ta kishingiɗa a kujerarta, ƙafafu a ƙasa, ta riƙe hannun keken.

Daga nesa wani masallaci ya fara kiran salla. Sauro ya yi mata kuka a kunne. Can ta ji taku, ta ji igiyar kujerar baya ta yi ƙara, keken ya nutse da nauyi.

"Yalla, mu je," muryar mijinta ta ce.

Ba ta jira komai ba. Ta ɗaga ƙafafu ta zura su a madauri, suka tafi.

Abin da ta fara lura da shi daɗin tafiyar ne. Ƙafar Mainasara ta hagu ba ta da ƙarfi, kullum sarƙar takan ɗan fizga a kowane zagaye. Yau sumul take tafiya. Har ta yi murmushi.

"Ka samu sauƙi ke nan," ta ce.

Shiru.

Mutumin da bakinsa ba ya hutawa a kan keke. Shi ne mai tambayar me suka wuce, wa ke kallonsu, ruwa ya janye ko bai janye ba. Ko hakin nan nasa ba ta ji.

Sai wani wari ya rufe ƙarnin kifin. Warin laka ne, irin ta can ƙasan kogi, mai sanyi. Ta ji ɗigar ruwa a kan ƙarfe a bayanta. Ɗis. Ɗis.

Sannan iska ta kawo mata wata murya daga can baya, nesa, inda suka baro.

"Zulai? Kin matsa ne? To, ina zuwa. Ki yi ta magana."

Muryar Mainasara ce, ta gaskiya, da tarin nan nasa a ƙarshe. Tana can gindin bagaruwa. Kuma amsa yake ba wani.

Ta matse birki da iyakar ƙarfinta. Robar ta yi kuka a jikin taya, ƙauri ya tashi, keken bai ko rage gudu ba. Wayar birkin ta tsinke ta tsula mata a yatsa.

Ta ja ƙafarta ta dama. Madaurin ya ƙi saki. Ta ja ta hagu. Fedar ta riga ta kai ta sama, ta dawo da ita, ta sake kai ta. Ƙafafunta suna gudu da ita, ba da izininta ba. Gwiwoyinta suka ɗauki zafi.

Ta buɗe baki za ta ja Ayatul Kursiyyu. Kalma uku ta fita, numfashin ya yanke. Ta sake farawa, ya sake yankewa a wuri ɗaya.

Wani sanyi ya sauka a ƙeyarta, ta cikin mayafi.

"Biraha, Zulai," aka raɗa mata da muryar mijinta. "A hankali. Miƙe kawai."

Ba ta iya waiwaye. Ba ta iya sauka. Sama ce kawai a fuskarta, tana rinewa, da hanya tana shigewa ƙarƙashin ƙafafunta. A bayanta kuma makaho ne shi kaɗai, taku kaɗan daga ruwa mai zurfi, yana bin wata murya.

Tsoron kanta ya kau, na mijinta ya cika ta. Ta duba abin da ya rage mata. Ƙafafu an ƙwace, birki ya tafi. Hannun keken ne kawai yake nata.

A gaba kaɗan akwai fili inda ake shanya ɗanyen bulo.

"Kada ki juya," aka ce.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ta karya hannun keken dama, ta kwantar da jikinta. Bulo ya rinƙa farfashewa a ƙarƙashin taya. Nauyin baya ya rinjaya ɗaya gefen, igiyar kujera tana tsintsinkewa kamar ana yagar ta da farce. Kafaɗarta ta kusa gogar ƙasa. Ta ciji leɓe ta riƙe.

Keken ya miƙe. Ruwa ya koma damanta.

Nan take aka daina tuƙa fedar baya.

Nauyin ya ninka. Kamar an ɗora buhunan jiƙaƙƙen yashi. Yanzu ita kaɗai ke tuƙi, sarƙar tana gurnani, kowane zagaye sai ta tokare bayanta da kujera ta tura. Numfashin sanyi yana nan a ƙeyarta.

Ta tura. Ta tura.

Ga bagaruwar. Babu kowa a gindinta.

Can ƙasan gangare ta hango farar jallabiya. Hannuwansa a miƙe gaba yana lalube. Ruwa ya kai masa gwiwa.

Daga cikin kogin, inda babu komai sai duhun ruwa, ta ji muryarta. Tata ce sak, mai taushi, irin wadda take masa magana da ita da safe.

"Nan nake, Abu Rayan. Saura taku uku."

"Abu Rayan, tsaya," Zulaiha ta ƙwala masa kira. "Ba ni ba ce. Ina bayanka."

Ya tsaya cak. Ya karkata kai nan, ya karkata can.

"Wace ce?" ya ce.

"Ni ce Zulai," muryoyin biyu suka ce tare.

Ta ruwan ta fi kusa, ta kuma fi kama da matarsa, don ita Zulaiha kururuwa ta sauya mata murya. Ya ɗaga ƙafa ya yi gaba.

Ta juya kan keken ta sake shi a gangaren.

Ƙaya, laka, sannan ruwa. Tayar gaba ta kafe, keken ya kife da ita dab da shi. Wani abu ya karye a ƙafarta, ta ji ƙarar kafin zafin. Ta miƙa hannu ta cafki jallabiyarsa.

Wani abu ya zame daga kujerar baya, dogo, mai santsi. Ya goge ta ya shige ruwa, ko fantsama bai yi ba.

Mainasara ya kai wa hannunta duka. Ya sake kai wa. Ta ƙi saki. Sai ya damƙi hannun zai ɓamɓare shi, yatsunsa suka faɗa kan tsohon tabon ƙuna da ke wuyan hannunta, na kaskon gasa kisra, gurasar mutanen garin. Ya shafa tabon sau biyu. Ya durƙusa a cikin ruwan ya fashe da kuka.

Shi ya lalubo madaurin ya fitar mata da ƙafafu. Shi ya goya ta, tana faɗa masa inda zai taka, yana riƙe da wuyan hannunta har suka hau hanya. Wani mai raksha, babur mai taya uku, ya tsince su bayan sallar isha.

Ƙafar ta ɗinke bayan wata uku, ko da yake da ɗingishi. Keken kuwa masunta ne suka kawo shi washegari, aka jingine shi a bayan gida, ba wanda ya sake hawansa. Maƙwabta suka ce faɗuwa ce irin ta tsofaffin da ba su san shekarunsu ba, Zulaiha ba ta yi musu ba.

Abin da ya fi ci mata rai a cikin gida yake. Muryarta ita ce abin da ya rage wa Mainasara na duniya, kuma an lalata masa ita. Takan kira shi daga tsakar gida ta ce shayi ya yi, ta ga ya ɗago kai, ya ji sarai, amma ya ƙanƙame bakin gado. Har yau ba ya amsa mata. Sai ta ajiye abin da take yi, ta ɗingiso ta miƙa masa hannu, ya shafa, sannan ya ce, "Na'am, Zulai."