Kaset Uku na Hutun Sanyi

"Kashe talabijin ɗin nan, Sharifa. Magana zan yi."

Ba ta kashe ba, sautin kawai ta rage. Tun daga yadda Yaya Yahya ya banko ƙofar falon ta san ba alheri ya kawo ba.

"Na haɗu da Bakri a bakin masallaci. Na gaya masa kada ƙafarsa ta ƙara taka gidan nan."

"Yaya..."

"Khalas! Na gama."

Umma ta ajiye kofin shayinta mai na'ana'a, ta dubi ɗan nata.

"Yau fa ranar farko ta hutu ce, Yahya. Ka san shi muke jira."

Al'adar gidan ce tun Sharifa na goye. Mahaifinsu, marigayi Malam Balarabe, haifaffen Madina ne, sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Kano, garin kakansa, ya yi Sallah a can. Ya dawo da kaset uku na finafinan da aka fitar don bikin Sallar. Rubutun jikinsu ya goge tuntuni, sai 'yan gidan suka raɗa musu suna: na Mai Keke, na Tagwaye, da na Ragon da Ya Gudu. Duk shekara, da makarantu sun ba da hutun sanyi, sai a rufe tagogin gidan nasu da ke unguwar Khalidiyya a Madina, a dafa waken Larabawa da ake kira balila, a kalli guda ɗaya kullum bayan la'asar. Kowa ya haddace su, amma ana zuwa inda ragon ke faɗawa cikin rumfar mai tuya, sai an yi dariya har da hawaye.

Shekarar da Malam ya rasu, na'urar ta cinye zaren kaset ɗin Tagwaye. Umma ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Maƙwabciyarsu Halimatu ce ta turo ɗan yayanta, Bakri, Bahaushen Sudan mai aikin lodin kayan alhazai a filin jirgi. Ya yini yana lallaba zaren, ya liƙe shi, ya kwafe duka ukun a filasha.

"Zauna ka kalla da mu, ɗana," in ji Umma.

Ya zauna can bakin ƙofa.

A lokacin Sharifa na jin Hausa amma da Larabci take mayarwa. Sai ta lura yana dariya a wuraren da ita ba ta ga abin dariya ba. Ta tambaye shi, ya bayyana mata habaicin. A hutu na biyu ta fara mayar masa da Hausa. A na uku, yana miƙo mata kofi, ya ce a hankali:

"Ni fa duk shekara mako ɗaya nake rayuwa, Sharifa. Sauran jira ne."

Wannan shi ne hutu na huɗu, wanda ya yi alkawarin turo manya.

"Me ya yi maka, Yaya?" ta tambaya.

"Sabiru ya ji shi da kunnensa a wurin aiki. Wai in ya auri 'yar ƙasa, ya huta da zancen iƙama, izinin zama a ƙasar nan. Takarda yake so, ba ke ba!"

"Sabiru? Abokinka da na ƙi bara?"

"Rufe min baki! Ni ne waliyyinki. Ba zan sa hannu a neman izinin aurenki da baƙo ba."

Ya fita. Umma ta ja bargo ta rufe ƙafafunta. Ranar ba a ƙarasa fim ɗin ba.

Sharifa ta shige ɗaki ta kira shi.

"Bakri, ka faɗa?"

"Wallahi ban faɗa ba, habibti. Allah ne shaidata."

"To ka zo ka gaya masa!"

"Na gaya masa. Ya ce mabuƙaci ba ya rasa rantsuwa." Ta ji ƙarar jirgi a bayansa. "Akwai kuma wani abin... Kwangilar kamfaninmu ta ƙare. Sun ba mu wata biyu. In ban sami wanda zai ɗauke ni aiki ba, fita ce daga ƙasar ta dindindin."

Ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Sudan za ka koma? A wannan halin na yaƙi?"

"Mahaifiyata ma na can, sanyin idona. Ba ni na fi ta rai ba."

Babu ƙofar da ba ta buga ba. Ta je garin Badar wurin kawunsu mai gonar dabino, ya saurare ta sarai, ya ce, "Ɗiyata, Yahya ne waliyyi, ba na shiga gabansa." Ta roƙe shi ya ɗauki Bakri aiki a gonar, ya ce ba shi da gurbin ƙarin ma'aikaci. Ta durƙusa wa Umma, Umma ta yi kuka tare da ita, ta yi wa Yahya magana sau uku, sau uku yana sumbatar kanta yana cewa, "Ya ummi, kare ta nake yi."

Bakri kuwa ya zaga kamfani bakwai da takardunsa. Kowa sai ya ce ya dawo bayan Hajji.

Saura kwana biyar ya tafi, wani dattijo ya yi sallama a gidan. Abdulfattah ne, shugaban masu lodi, mutumin Chadi. Sharifa na bayan labule tana ji.

"Ɗana Yahya, jiya na ji abin da aka ɗora wa yaron nan. Ina wurin ranar. Sabiru ne ya faɗi maganar, yana tsokanarsa. Bakri ya tashi ya bar abincinsa, ya ce kada a ƙara sa sunan 'yar mutane a irin wannan zance. Ni zan rantse da Alƙur'ani."

Yahya ya sunkuyar da kai.

Washegari da sassafe ya ɗauki fayil ya tafi ofishin neman izinin aure. Ya dawo da azahar fuskarsa a yamutse.

"Sun karɓa. Amma sun ce sai an bi layi... wata shida, ko shekara."

"Kwana huɗu ya rage, Yaya."

"Na sani."

"Kwana huɗu!"

Bai iya kallon ta ba.

Ranar tafiyar, Yahya ne ya tuƙa su zuwa filin jirgi. Abokan aikin Bakri suka ƙi bari ya ɗauki jakarsa da kansa. Ya gaida Umma, ya rungumi Yahya, sannan ya tsaya gaban Sharifa, taku biyu tsakaninsu.

"Kada ki yi kuka, amaryata. Takarda na fitowa zan dawo."

"In ba ta fito ba fa?"

"Sai mu jira. Ai na iya jira."

Tana kallo har ya shige.

Daga Port Sudan yake kiran ta, in an sami layi. Wani lokacin kullum, wani lokacin sai a yi kwana goma shiru. Ya sami aikin dako a tashar jiragen ruwa. Kowane wata Yahya sai ya je ofis, a ce masa ana dubawa.

Da hutun sanyi ya zagayo, Bakri ya ce yana da kwafin finafinan a wayarsa.

"Ki kunna naku, in kunna nawa. Zan ƙirga. Ɗaya... biyu... uku!"

Haka suka kalli na Mai Keke, waya a kan cinyarta, Umma na gefe. Nasa ya riga nasu da kaɗan, sai su ji dariyarsa kafin abin dariyar ya iso. Umma ta ce, "Kai Bakri, ka daina tona mana asirin fim!" Washegari suka kalli na Tagwaye, yana tari jefi-jefi, ya ce zazzaɓi ne kawai.

Rana ta uku Sharifa ta shirya komai, ta kira. A kashe.

Ta kira da magariba. A kashe.

Ta kira kwana goma sha ɗaya.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, Yahya ya shigo da gudu ko takalmi bai cire ba, yana ɗaga takarda.

"Ta fito! Sharifa, izinin ya fito! Kira shi!"

Ta danna lambar. Wannan karon ta shiga. Mace ce ta ɗauka.

"Sara ce, ƙanwarsa... Ke ce Sharifa?"

"Ni ce. Ba shi wayar, don Allah, albishir zan yi masa!"

Sai ta ji kuka.

"Yaya Bakri ya rasu, yau kwana tara. Zazzaɓin ne. Mun kai shi asibiti, babu gado. Wayar na kulle, sai jiya aka buɗe mana..."

Wayar ta zame daga hannunta. Yahya ya ɗauka ya saurara, sannan ya durƙusa a gabanta, takardar har yanzu a hannunsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki yafe min, ƙanwata. Ni ne... ni ne."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙe kamar mai tafiya cikin barci, ta je ta ɗora kanta a kafaɗar Umma.

"Umma, wata huɗu da kwana goma ake yi, ko? Zan fara daga yau."

Umma ta rungume ta, hawaye na sauka a kan mayafinta.

"Ba ki da takaba, 'yata. Ba a ɗaura ba."

Sai a lokacin Sharifa ta fashe da kuka.