Askin Ƙeyar Awuor

Mutumin da ya yi ilimi ba ya tsoron camfi. Malam Ogola ya shekara goma sha biyu yana faɗa wa ɗalibansa haka a jami'a a Kisumu, har wasu suna rubutawa.

Matarsa Awuor kuwa ta shekara tara da ciwon ɓarin kai. Ƙwayoyi sun gaza, allurar Sinawa ta gaza, tausa da ƙaurace wa shayi ma haka. Daga ƙarshe likita ya ce wata jijiya ce ta matse a ƙeyarta, sai an yi tiyata an sake ta. Ogola da kansa ya sa hannu, ya tsaya yana kallo aka aske mata ƙeya.

Kwana shida da tiyata, mahaifiyarsa ta iso daga ƙauye ba sanarwa. Awuor ta sunkuya gaisuwa, ɗankwali ya zame.

"Wa ya mutu?" tsohuwar ta ƙwala ihu. "Ke 'yar nan! Mace ba ta aske kai sai ta binne miji! Ɗana kike yi wa takaba yana zaune yana cin kifi?"

"Mama, tiyata ce..."

"Ba da ke nake ba! Ogola, da saninka aka yi wannan?"

Ogola ya dubi kifin. Kifin ya dube shi.

"Ni... ina wurin aiki ranar, Mama."

Awuor ta ɗago ta kalle shi sau ɗaya tak, sannan ta durƙusa.

"Bai sani ba, Mama. Laifina ne."

Hukunci ya fito nan take: sai Awuor ta je ƙauye dattawa sun wanke mugun abin.

Washegari suka shiga motar haya, awa huɗu a kan hanya mai ramuka, ɗinkin ko warwarewa ba a yi ba. Duk ramin da suka faɗa, sai Awuor ta runtse ido, Ogola ya ji kamar ya nutse cikin kujera.

"Abar ƙaunata... bari in gaya wa Mama gaskiya."

"Yanzu?" ta yi raɗa. "Bari, masoyi. Idan ta tsane ni, zan iya jurewa. Kai kuwa ba za ka iya ba."

Ta riƙe ƙeyarta da hannu ɗaya, ɗayan ta kama nasa.