Dokin da Kunkuru Ya Bayar

Ranar da Tuvshin ya fara ganin Saruul, doki ta ba shi kyauta.

A kulob ɗin shatar na unguwarsu ne a Ulanbator, inda ake buga wannan dara ta Mongoliya mai dawakai da raƙuma har shayin madara ya huce ba a sani ba. Wasa ko nisa bai yi ba ta tura dokinta inda zai ci shi a banza. Ya ɗago kai, idanunsu suka haɗu.

"Kuskure kika yi, ƙanwata. Mayar da abinki."

"Ci dai," ta ce tana murmushi.

Ya ci. Kafin ya gama murna raƙumanta sun tare ko'ina, sarkinsa ya rasa maɓoya.

"Kunkuru," ta ce tana tattara 'ya'yan darar. "Kana da kai, tsoro ne ya yi maka yawa."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Guguwa.

Da aiki ya kai shi mahaƙar tagulla a hamadar Gobi, sai wasan ya koma waya.

"Guguwata, na matsar da raƙumi. Nan babu komai sai iska da tunaninki."

"Kunkuruna, kullum tsaron gida. Yaushe za ka zo ka ga Baba?"

Baban ne abin tsoron. Tsoho Sambuu ya koya wa rabin unguwar shatar, kuma ya riga ya faɗi ra'ayinsa: "Na ga wasan yaron. Wanda kullum canjaras yake nema, ba zan ba shi 'yata ba." Ga kuma ɗalibinsa Gantulga, mai kofunan gasa, kullum yana gidan.

Sai Saruul ta daina turo saƙo. Tuvshin ya yi ta duba waya, har ya ci karo da hotonta kusa da Gantulga riƙe da kofi. Abinci ya daina shiga. Yakan shimfiɗa allo ya zuba wa wasansu ido, dokinta na tsaye inda ta bar shi.

Ranar nan saƙo ya shigo:

"Dangin Gantulga za su kawo shuɗin ƙyallen neman aure bayan bikin sabuwar shekara. Ban daina son ka ba, jira ne ya gajiyar da ni. Wasa na hannunka."

Washegari ya hau mota. Ya ɗauki kawunsa, suka sayi ƙyallen siliki, suka durƙusa gaban tsohon.

Sambuu bai ko kalli ƙyallen ba. Allo ya jawo.

"Zauna, yaro."

Saruul ta kawo shayi. Tuvshin ya san hanyar canjaras sarai. Ya dube ta sau ɗaya, ya ɗauki doki ya jefa a bakin tsohon.

Kawu ya dafe kai. Tuvshin ya bi da raƙumi, ya bi da duk abin da ya mallaka, har tsohon ya cire hula ya share gumi. Amma Sambuu ya tsira, ya kuma kama sarkin Tuvshin.

Tuvshin ya miƙe zai tafi.

"Ina zuwa? Shayinka bai ƙare ba."

"Na faɗi, Baba."

"Kowa faɗuwa yake a hannuna. Gantulga ya girma a kan kujerar nan, bai taɓa yarda ya rasa komai ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Da irin dokin nan marigayiya uwarta ta kama ni."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙyallen.

Da kaka aka yi biki. Tsohon ya ɗaga ƙwaryar madara ya sa musu albarka, ya ce kada wutar murhunsu ta taɓa mutuwa.

Saruul ta matso kusa da kunnen angonta.

"Da ka jinkirta raƙumin nan kaɗan, da ka cinye Baba."

"Kin gani kika yi shiru?"

"A gida zan koya maka, Kunkuruna. Yanzu ai muna da lokaci."