Ƙwallon da Ta Cinye Gidan Zainu

Duk direban da ya daɗe a Riyad cikin 'yan ƙasarmu ya san Zainulabideen, wanda muke kira Zainu. Ni na fi kowa saninsa, don shekara shida muna cin abinci a tire ɗaya. Wani attajiri yake tuƙawa a unguwar Nasiriya, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lafiya lau. Yana zaune a unguwar Malaz da matarsa Muhibba, da 'yarsu Bilƙisu, da ƙanensa Basiru mai aikin gini. Allah Ya rufa masa asiri, amma idonsa bai taɓa cika ba.

Kafilinsa, wato attajirin da ya tsaya masa a ƙasar, mayen kallon tanis ne, a wurinsa Zainu ya koyi wasan. Daga kallo ya zarce caca ta waya a ɓoye, don a ƙasar nan in aka kama ka, kashinka ya bushe. Ya zuba aka cinye, ya sake zubawa aka cinye. Ana haka wasan ƙarshe na wata babbar gasa ya matso, tsakanin zakaran da duniya ta sani da wani matashi da kowa ya raina. Wanda ya zuba a kan matashin, in ya dace, ya yi sallama da talauci.

Aka raɗa masa labarin wani boka, Inuwa, a bayan wani shagon akwatuna a kasuwar Batha. Zainu ya je da rana tsaka, daidai lokacin da ake rufe shaguna don sallar azahar.

Ɗakin ba taga, ba fanka, amma sanyinsa har ƙashi. An lulluɓe bango da jan ƙyalle. A tsakiya ga baƙar tukunya a kan ƙoƙon kan rago uku, wani hayaƙi mai warin ƙonannen gashi yana fita daga ƙarƙashinta.

"Malam, so nake in san wanda zai ci."

"Kar ka ƙara ce mini malam a ɗakin nan," in ji Inuwa. "Kuma ba sani ya kawo ka ba. So kake a kayar maka da wani."

"Haka ne. Me zan bayar?"

"Riyal ba ya shiga tukunyar nan. Ka kawo ƙwallon wasan guda ɗaya, da zare daga rigar kowane mutum da kake ciyarwa."

"Ba abin da zai same su dai ko?"

"Ga ƙofa can. Liman bai sallame ba tukuna, kana iya samun raka'ar ƙarshe."

Zainu bai motsa ba.

Washegari ya kawo ƙwallon da zare uku. Inuwa ya tsaga ƙwallon, ya cusa su, ya murɗe wuyan baƙar tattabara ba bisimilla, ya tsiyaye jinin a ciki. Ya ɗinke, ya jefa a tukunya ya rufe. Can sai Zainu ya ji abin yana dukan tukunyar daga ciki, tim, tim, ba wanda ya taɓa ta.

Ranar Lahadi bayan la'asar, Zainu yana tsaye yana zuba wa baƙin kafilinsa shayi aka fara wasan a talabijin. Zakaran ya yi nisa, kowa ya ce an gama. Sai hannunsa ya daina bin umarninsa. Ya buga waje, ya buga a raga, ya tsaya yana duban tafinsa kamar ba nasa ba. Matashin ya ɗaga kofi. Butar shayi ta suɓuce wa Zainu don murna, a kan matashin ya zuba kuɗinsa.

Kafin wata ya zagayo ya ajiye tuƙi. Ya sayi jibgegiyar mota, ya buɗe shagon turare da sunan wani ɗan ƙasa, ya aika aka sa harsashin bene a gida. Mu da muke cin tire ɗaya da shi sai dai ya ɗago mana hannu ta gilashi.

Basiru ne ya fara tafiya. Abokan aikinsa suka ce yana hawa na bakwai, ya zabura ya goce kamar an jefe shi da wani abu, alhali ba komai, sai ya faɗo ƙasa. Bai shura ba.

Ba a share makoki ba Bilƙisu ta fara toshe kunnuwa. Yarinya 'yar shekara tara, da Larabcinta da ya fi Hausarta, take tambaya, "Baba, wa yake buga ƙwallo a cikin bango?" Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Kwana uku ta cika, hannuwanta a kan kunnuwanta.

Da muka dawo daga maƙabarta muka tarar da Muhibba zaune a ƙasa, ido buɗe, tana juya kai dama da hagu, dama da hagu, kamar 'yan kallon da ke bin ƙwallo. Ba ta ci, ba ta magana. Lokaci-lokaci sai ta yi tafi.

Zainu ya ruga Batha, ya faɗi gaban bokan.

"Ka warware! Ka karɓi motar, ka karɓi shagon, ka dawo mini da hankalinta!"

"Abin da aka ɗinke da jini ba ya warwaruwa," in ji Inuwa. "Na nuna maka ƙofa."

Ba a jima ba hukuma ta bi sawun cacar. Aka ƙwace komai, aka tsare shi, daga baya aka kai shi tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a kora gida. A can na same shi, ya rame kamar kara, ya zayyana mini duk abin da na faɗa muku yana kuka. Muhibba kuwa ni na raka 'yan'uwanta da ita filin jirgi. Har aka tura ta a keken marasa lafiya ta shige, kanta bai tsaya ba.

Ku da kuka baro gida neman halak, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da nasa, naka yake yanka maka. In kwaɗayi ya ce ka tashi, ka fara duba fuskokin da ke cin tuwo a gidanka, don da su za ka biya.