Jan Zare a Igiyar Anka

Baban wata yarinya yana da jirgin ruwa mai inji. Da shi yake tsallakar da mutane kogi.

A goshin jirgin akwai wani akwati mai murfi. A ciki ake ajiye anka, ƙarfen nan mai ƙugiyoyi da ake saukarwa cikin ruwa ya kama ƙasa, ya tsayar da jirgi. Sarƙa ce ke riƙe da ankar, doguwar igiya kuma ke riƙe da sarƙar. Bakin igiyar na ƙarshe a ɗaure yake da wani zoben ƙarfe a ƙasan akwatin.

Kusa da wannan bakin akwai jan zare. Umma ce ta fara naɗa shi tun tana amarya. Ta ce in Baba ya ga jan zare, ya san igiya ta kusa ƙarewa, ya kuma tuna ana jiransa a gida. Sau uku ana sake igiya, kowace sabuwa kuwa sai Umma ta naɗa mata zare. Yarinyar tana son wannan labari ƙwarai.

Baba ya sha faɗa mata kada ta taɓa akwatin in ba ya nan. Amma wata rana da ta taso daga makaranta, ta leƙa ciki. Warin laka ya bugi hancinta. Igiyar ta yi baƙi ƙirin, jan zaren ma da ƙyar ake ganinsa. Ta ce a ranta, bari ta ba Baba mamaki.

Ta zaro igiyar duka. Ƙullin da ke jikin zoben ya yi tauri, har sai da ta karya farce kafin ya kwance. Ta wanke igiyar tas, ta shanya, ta naɗe ta da kyau ta mayar. Tana shirin ɗaure bakin sai ta ji Umma tana kiranta. Ta rufe murfin ta ruga, da nufin ta dawo anjima. Ba ta dawo ba. Ta manta shaf.

Washegari babu makaranta. Ita da Umma suka shiga jirgin za su je duba ƙanwar Umma a tsallake. Akwai kuma wata tsohuwa mai kwandon kaji. Kowa ya sa rigar ceto. An yi ruwan sama kwana biyu, kogi ya cika ya batse.

Suna tsakiyar kogi, injin ya yi tari, ya mutu. Baba ya ja igiyar tayar da shi sau uku, shiru. Ruwa ya fara jan jirgin. A gabansu akwai babbar gada mai ginshiƙan siminti, ruwa yana dukansu yana kumfa.

Baba ya ce kowa ya zauna, ya janye ƙafarsa daga hanyar igiya. Ya buɗe akwatin. Da ya ga yadda igiyar take fes, ya dubi yarinyar.

“Uwata, aikinki ne wannan?” Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ta gyaɗa kai tana jin daɗi.

Baba bai jefa ankar ba, a hankali ya saukar da ita. Wurin yana da zurfi, dole a saki igiyar duka. Ya bar ta tana tafiya, ya juya wajen injin. Ya san zoben zai riƙe, kamar kullum.

Yarinyar tana kallon igiyar tana fita shuu. Sai ga jan zare ya fito, ja wur.

Ta tuna farcenta da ya karye. Ta tuna kiran Umma. In ta yi magana, kowa zai san laifinta. In ta yi shiru, igiya da anka za su tafi ƙasan ruwa, su kuma su tafi gada.

“Baba, ban ɗaure bakin ba!”

Baba bai tambayi komai ba. Ya yi tsalle ya cafke igiyar da hannu biyu. Ta ci gaba da gudu a tafinsa. Ya ciji leɓe, ya naɗa ta sau biyu a turken ƙarfen da ke goshin jirgin, ya danne da gwiwa.

Jirgin ya fizga da ƙarfi. Kaji suka ɗauki kuka. Sannan ya juya a hankali, ya tsaya.

Abin da ya rage na igiyar bai kai kamu ɗaya ba. Gadar kuwa ta matso, har suna ganin sheƙar tsuntsaye a ƙarƙashinta. Tsohuwar ta rungume kwandonta tana ta salati.

Da Baba ya buɗe hannuwansa, yarinyar ta rufe baki. Fatar tafinsa ta saɓule, jini yana ɗiga. Umma ta yagi gefen mayafinta ta ɗaure masa.

Wani masunci ya hango su, ya tuƙo kwalekwalensa. Ashe tsohuwar raga ce ta naɗe farfelar injin. Ya yanke ta da wuƙa, ya tayar musu da injin, ya taya su jawo ankar.

A gida Baba ya kasa riƙe cokali. Umma ce take ba shi abinci a baki, tana tsokanarsa wai yau ta samu sabon jariri mai gemu. Baba ya yi dariya. Yarinyar kuwa ko loma ɗaya ta kasa haɗiyewa. Ta zo ta durƙusa a gabansa.

“Baba, ka yafe mini. So na yi in faranta maka.”

“Na sani, Uwata. Igiyar ta yi kyau. Amma kyau ba ya riƙe jirgi, ƙulli ke riƙewa. Da kin tambaye ni, da mun wanke ta tare.”

Hawaye suka zubo mata. Baba ya taɓa kanta da bayan hannu. Ya ce shi ma yana da laifi, don ya ga an taɓa akwatin bai duba zoben ba.

“Kuma da kin yi shiru, da yanzu wani zancen ake yi. Bakinki ne ya cece mu.”

Mako guda Baba bai fita aiki ba. Da ya samu sauƙi, ya kai ta jirgin. Yana faɗa da baki, ita tana ɗaurawa. Sau goma tana ƙulla igiyar a zoben, yana sa ta kwance. A na goma sha ɗaya ya ja da ƙarfi, ƙullin bai motsa ba.

Umma ta miƙo mata sabon jan zare, don tsohon ya tsinke a jikin turken. Ta ce wannan karon yarinyar ce za ta naɗa.

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe darasinta. Kada ka taɓa kayan aikin manya sai da izini. In ka kwance abu, ka ɗaure shi kafin ka tashi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun igiya ba ta ƙare ba.