Ɗan Lemon Alhaji Haladu

Rana ta yi ja a bayan gidajen Haɗeja, ladan bai kira magariba ba tukuna, Alhaji Haladu ya ɗauko bokiti da moɗa ya nufi kusurwar tsakar gida kamar yadda ya saba. Matarsa Ummussalma tana kwashe tuwo, autarsu Bushira tana alwala a bakin rariya. Ya tsuguna gaban rabin duron da ɗan lemonsa yake ciki, ya zuba moɗa ta farko, ya zuba ta biyu. Yana cikin zuba ta uku wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, tim, ya gangaro ya fashe a gabansa.

Curin laka ne, baƙa, jiƙe sharkaf, tana warin gulbi. A cikin watan da ko yayyafi ba a yi ba.

Ya ce, "Yaran unguwar nan ba su da tarbiyya." Ya sa tsintsiya ya share.

Alhaji Haladu tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, irin mutanen nan da in ka ce musu gizagizai sun haɗo sai sun gaya maka sunan gizagizan da Turanci. Shekara huɗu ke nan da ƙaninsa ya kawo masa wannan dashe daga Jos, ya ce kumkwat ake kiransa, lemo ne ƙanana kamar dabino, ana cinsa har ɓawo. Kowa ya ce zafin Haɗeja zai kashe shi, shi kuwa ya ɗaura ɗamara. Ya yi masa rumfar zana don ranar azahar, yana fesa masa ruwan ganyen darbejiya don ƙwari, furen fari da na biyu duk ya tsinke su don itacen ya yi ƙarfi. Ba ya ba shi ruwa sai rana ta faɗi, don kada ƙasa ta dafa jijiyoyin. Ummussalma takan ce da a ce rabin wannan lallami ita ta samu, da ta ƙara ƙiba. A gaskiya yana son itacen nan, so na mutumin da aiki ya sallame shi, 'ya'ya suka watse, gida ya yi masa faɗi.

Wata biyu kafin wannan yammaci, bokitin da dashen yake ciki ya yi masa kaɗan, ya yanke shawarar mayar da shi rabin duro. Ya hau babur ya tafi fadama neman ƙasa mai kyau. A tsakiyar gonakin shinkafa akwai wani tudu da ko babbar ambaliyar da ta cinye gonaki ba ta rufe shi ba, a kansa akwai tsohon suri da gara ta bari. Ilminsa ya gaya masa babu ƙasar da ta fi wannan. Wani tsohon manomi, Baba Yunusa, ya hango shi da diga, ya taho yana ɗaga hannu.

"Alhaji, nan ba a haƙa da ka. Iyayenmu in dole ta kama su, sai su buga ƙota sau uku, su yi sallama, su tafi sai bayan kwana uku su dawo."

"Baba, gara zan yi wa sallama?"

Ya yi dariya, ya cika buhu biyu, ya ɗaure a bayan babur.

Lemon kuwa ya karɓi ƙasar. Ganyensa ya yi duhu yana sheƙi, ya yi fure, a karon farko Alhaji ya bar shi ya ɗaura 'ya'ya. Kullum da safe sai ya ƙirga su, talatin da ɗaya.

Jifan bai tsaya ba. Kullum ya zuba ruwa, laka ta sauko, wata rana ɗaya, wata rana biyar a jere. Maƙwabta suka hau katanga suka yi gadi, ba su ga kowa ba. Sai aka fara jin murya. Ba kuka ba ne, ba kuma magana ba, irin gunjin nan ne da mace take yi a maƙogwaro in tana rarrashin jariri, yana fitowa daga kusurwar da duron yake. Ummussalma ta ji, ludayi ya suɓuce mata. Alhaji ya ce iska ce take shiga bututun rariya, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Bushira ce ta daina cin abinci. Yarinya mai shekara goma sha takwas, mai surutu kamar ta haɗiyi rediyo, ta koma sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Da la'asar sakaliya sai ta je ta zauna jikin duron, ta naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da goyo, tana jijjigawa. Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba. A sati uku wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Ranar wata Laraba uban ya zo da bokitinsa, ya ce ta matsa. Ba ta matsa ba. Ya miƙa hannu ta gefenta ya zuba moɗa ɗaya. Ƙarar da ta fasa ba ta mutum ba ce. Ta damƙi hannunsa, yarinyar da ba ta iya ɗaga tulu, sai da ya ji ƙashinsa yana shirin karyewa.

Ummussalma ba ta nemi shawararsa ba a wannan karon. Ta yafa mayafi ta ce, "Alhaji, boko ya yi iyakar yinsa. Zan kira Goni."

Goni Ahmed dattijo ne da kakanninsa suka taso daga wajen Tafkin Chadi, ba ya da yawan magana. Washegari bayan la'asar ya zo, ya zauna a kan buzu nesa kaɗan da yarinyar, ya sa uwar ta rufe ta da zane ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe tsakar gidan. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Da ya maimaita Ayatul Kursiyyu a karo na bakwai, Bushira ta ɗago kai, idanunta a rufe, murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. A bakin gulbi muke tun kafin a gina ganuwar garin nan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Na yi jifa, ubanta ya share. Na yi gunji, ya ƙara rediyo. Ita kaɗai ta saurara."

"Wannan zalunci ne, kin kuma sani. Me kike nema a gidan mutane?"

Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da Alhaji Haladu ya matso.

"Shekarar ambaliya ruwa ya shigo mana. Na fita da 'ya'yana, ƙaramin ya suɓuce mini. Da na same shi, na rasa busasshen wurin da zan sa shi sai tudun nan. Wannan mutum ya zo da diga, ko sallama babu, ya kwashe shi a buhu. Ruwa ne ya kashe mini ɗa, Malam. Shi kuma kullum rana ta faɗi sai ya sake zuba masa ruwa a ka, ina kallo."

Ummussalma ta fashe da kuka. Alhaji ya zauna a ƙasa daɓas, kunya da tsoro suka rufe shi lokaci ɗaya.

Goni bai nuna tausayi a fuska ba. Ya ce, "Irinku kuna ƙarya. Amma ko gaskiya ko ƙarya, fita za ki yi."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba ma yanka wa kowa sai Allah." Ya buɗe baki zai ci gaba da karatu.

"Tsaya! To a mayar mini da ƙasata."

Alhaji ya yi wuf ya ce, "Allah gafarta Malam, zan mayar, wallahi har ƙwayar ƙarshe. In cire itacen, in wanke jijiyoyin..."

"Jijiyoyin sun naɗe ɗana," in ji muryar. "In ka tumɓuke, da shi za ka tumɓuke. Ka kai shi yadda yake. Kuma hannun ɗan Adam kada ya ƙara zuba ruwa a wurin. Ranar da aka zuba, na san hanyar gidan nan."

Goni ya juya ya dubi mai gidan. Alhaji Haladu ya kalli ƙananan 'ya'yan lemon da suka fara ɗaukar launin ruwan ɗorawa, bai taɓa ɗanɗana ko ɗaya ba. Ya san abin da bazarar Haɗeja take yi wa itacen da ba a ba shi ruwa. Ya kalli wuyan 'yarsa.

Ya ce, "Na yarda."

Goni ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta Bushira ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Ana kiran magariba yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Da sassafe aka ɗora duron a amalanke. A gindin tudun Baba Yunusa ya miƙa masa ƙota. Alhaji ya buga sau uku, ya yi sallama da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji. Tsohon ya ce mai mayar da kaya ba ya jiran kwana uku. Suka yanka duron, suka zura ƙasar da itacen a ramin da ya haƙa da hannunsa.

Bushira ta murmure, surutunta ya dawo har ya fi na da. Jifa ya ɗauke. Uban ne ya koma shiru, in rana ta faɗi sai ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Bayan sati uku zafi ya kai inda ya kai. Wata rana bayan azahar ya ce zai je gaisuwar rashin lafiya, ya ɓoye jarka a buhu, ya hau babur. Ya tarar da ganyen sun naɗe sun yi fari-fari, 'ya'yan sun yamushe sun zube a gindi. Babu kowa a fadamar, ko tsuntsu ba ya motsi. Ya buɗe jarkar. Ya gaya wa kansa moɗa ɗaya ce kawai, aljanu kuma suna ƙarya, Goni da bakinsa ya faɗa. Ya daɗe a tsaye, jarkar a karkace, ruwan yana leƙen bakinta, hawaye na bin gemunsa. Daga baya ya mayar da murfin ya ɗaure, ya sauko.

Da ya shiga gida Bushira tana tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Babu wanda ya san inda ya je. Ta yi masa sannu da zuwa da fara'arta, ta karɓi hularsa ta rataye, ta koma ta zauna. Sannan, ba tare da ta ɗago kai daga faifan ba, da muryarta ta kullum, ta ce:

"Gara da ba ka zuba ba, Baba."